Geron Baba a Ƙasar Doya

Ni ce na karanta wa Baba littafin, wannan ba na musu. Amma ba ni na ce ya je ya yi noma ba. Gara in faɗa tun yanzu, domin har gobe in ran Yaya ya ɓaci, cewa yake ni na jawo.

Baba maƙerin kwano ne a unguwar Sauka Kahuta, cikin Minna. Bokiti, murhun gawayi, mazurarin mai, akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana, duk hannunsa ya fitar da su. Mahaifinsa aikin layin dogo ne ya kawo shi Minna daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ya yi aure a nan, ya mutu bai koma ba. Shi Baba a Minna aka yanke masa cibi, ƙauyen nan ko hanyarsa bai sani ba, amma in ka ji ya ce "gida" to can yake nufi. Mu da muka tashi da doya da manja a baki, sai ya dube mu ya ce mu jinin gero ne, zama ne kawai ya kama mu a nan.

Roba ce ta kashe masa sana'a. Bokitin roba ya cika kasuwa, ja da shuɗi da kore, ga sauƙi ga rashin tsatsa, wa zai tsaya jiran maƙeri? Idonsa kuma ya fara rauni, sannan Inna ta rasu. Ya rufe rumfa, ya kwaso guduma da almakashin yankan kwano ya jibge a zaure. Daga nan Yaya, ɗan farinsa da ke aiki a Abuja, ya ɗauki nauyin gidan. Duk wata direba zai tsaya a ƙofar gida ya sauke buhun shinkafa da jarkar mai. Ni kuma a lokacin aurena ya mutu a unguwar Barkin Sale, na tattaro 'ya'yana biyu na dawo gaban Baba, muka zama ƙarin baki a kan buhun.

Yaya bai taɓa gori ba, Allah ya sani. Maƙwabta ma in sun ga ana sauke kaya sai su ce, "Maƙeri, ka haifu, Allah ya yi wa yaron nan albarka." Baba ya ce amin, ya shige ɗaki. Da yake ɗan fari ne ba ya kama sunansa, "mutumin Abuja" yake ce masa. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. Wata rana na kai masa abinci, ya buɗe kwano ya daɗe yana kallon shinkafar.

"Uwata, akuyar ɗaure na koma," ya ce. "A kawo dusa in ci, in an makara in yi kuka."

Na ce, "Haba Baba! Ɗanka ne fa. Kai ka ciyar da shi."

"Shi ya sa," in ji shi. Ya ci loma kaɗan ya rufe.

Don in ɗebe masa kewa na fara yi masa karatu bayan la'asar. Akwai wani mutum da ke shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da tasha, wurinsa nake tsintowa. In na ɗauko na soyayya, shafi biyu Baba zai ɗaga hannu: "Rufe wannan shirmen." Amma in labarin ƙauye ne, fari da yunwa da talaka mai zuciya, sai ya gyara zama. Na karanta masa irinsu da yawa, kuma duk hanyarsu ɗaya: a sha wuya a farko, a ƙi roƙo, a duƙa, Allah ya buɗa. Akwai ɗaya da ya fi shiga ransa. Bangonsa ya cire tun kafin in saya, don haka ban san wanda ya rubuta ba, kuma ya taki sa'a, da na neme shi mun yi magana. Labarin wani ne da birni ya tauna ya tofar, ya koma gonar ubansa da fartanya kawai, dangi suka miƙo hannu ya ce a'a. Ya shuka gero da ruwan farko, ya yi noma ya yi maimai, a shafukan ƙarshe ya cika rumbu har ya aika wa danginsa da dami.

Mun karanta shi har na haddace. In na zo wurin shuka sai ya ce, "Koma baya kaɗan." Ya tambayi ƙwaya nawa mutumin ke jefawa a rami, yaushe ya yi cira, yaushe ya koma maimai. Ni a zatona daɗin labari ne. Ashe ni ina hira, shi yana ɗaukar darasi.

Da zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa, sai ya ce in shirya in raka shi Maikunkele. Akwai wani tsohon abokin cinikinsa a wani ƙauye bayan garin, mutumin Gbagyi, manomin doya, wanda ya shekara da shekaru yana sayen bokiti da murhu a hannunsa. Ashe sun riga sun gama magana, zai ara masa wata 'yar gona da ya bari ta huta. Baba bai yarda da aron ba sai da ya yi alkawarin gyara masa rufin ɗaki, don kada a ce kyauta ce.

Muka tsaya a bakin gonar, mai gona ya tambaye shi me zai shuka. Baba ya kwance bakin buhun da ya riƙo tun daga gida. Irin gero ne, ya samo wurin masu hatsin da ke saukowa daga arewa.

Mai gona ya ɗebo ya duba, ya girgiza kai. Hausarsa irin tamu ce ta Minna, ba ya kwana-kwana.

"Maƙeri, wannan ba ya yi a nan. Ka sa doya. In hatsi kake so ka sa dawa ko maiwa, su suna jira ruwa ya ɗauke kafin su nuna."

"Gero ne ba ya yi?" in ji Baba. "Abin da ya raini kakannina?"

"A can ne. Nan ruwa yana da yawa. Kuma ga tsuntsu."

Da ya tsaya a nan, wataƙila Baba ya yi tunani. Sai bawan Allah ya ƙara da cewa yana da irin doya da ya rage, Baba ya ɗiba kyauta, yaransa ma za su tayar masa da kunyoyin shuka. Kash! Kyautar nan ita ta ɓata komai. Na ga fuskar Baba ta ɗaure. Ya ce ya gode, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya ɗaure bakin buhunsa.

A hanyar dawowa na yi magana har bakina ya gaji. Na ce, Baba, wanda ya rubuta littafin nan ɗan arewa ne, ruwansu daban, ƙasarsu daban, wataƙila ma shi kansa bai taɓa riƙe fartanya ba. Na ce mutumin da aka haifa a gonar ya faɗa maka gaskiya. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ke ma ai ba ki taɓa riƙewa ba." Na kira Yaya, shi kuma ya hau ni da faɗa: me Baba ya rasa, me bai aiko ba, so ake a ce ya bar ubansa yana noma da tsufa? Ta yaya za ka ce wa mutum alherinsa ne ke damun ubansa?

Ruwa ya sauka, Baba ya yi shuka. Kullum da sassafe zai hau napep zuwa Maikunkele, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi. Hannun da ya saba da guduma ya yi kanta a wani sabon wuri, bayansa ya riƙe, ni ke gasa masa da ruwan zafi ina mita. Abin da ya rufe mini baki shi ne geron ya fito. Ya fito kuwa! Ƙasar ta huta, ruwa ga shi nan a wadace, ya tashi kore shar, ya wuce na littafi. Ranar da na je na gani, kara ya kai mini kafaɗa, sai na ji kunyar maganganuna. Baba yana tsaye a tsakiya yana dariya, rabon da in ga haƙoransa tun Inna na da rai.

Ya dawo da kayan aikinsa tsakar gida. Ya tattaro tsofaffin kwanon rufi, ya buge su suka miƙe, ya ƙera rumbu. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa daga hannunsa ba: zagayayye, tsayinsa ya kai ƙirjina, a kan duwatsu don kada danshi ya taɓa, da murfi mai tsini kamar malfa. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wasu na yabo, wasu na ƙunshe dariya. Ya yi wa 'ya'yana alkawarin tumu, wato ɗanyen geron da ake gasawa a wuta a murje, abin da shi ma a bakin mahaifinsa kawai ya ji. Sannan ya faɗa mini abin da ke ransa, yana goge murfin da tsumma.

"Damin farko Abuja zai tafi. So nake mutumin nan ya sake ci daga hannuna ko sau ɗaya ne, kafin in kwanta."

Geron ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ƙwaya daidai lokacin da marka ta kankama. A arewa, in ji mai gona, kowa gero yake shukawa, ya nuna tare, tsuntsu ya ci nan ya ci can, ba wanda zai ji a jikinsa sosai. A nan kuwa, hagu doya, dama doya, dawar mutane ko kai ba ta fitar ba. Duk faɗin dajin nan babu ƙwayar hatsi a tsaye sai ta Baba. Tsuntsayen ƙasar kaf suka samu labari.

Ranar ya dawo bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya wuce zaure ya ce yara su tsinto masa gwangwanaye, na madara, na tumatir, duk wanda suka gani. Ya huda su, ya zuba tsakuwa, ya jera a igiya. Ko a wannan halin bai iya aikin banza ba, sai da ya lanƙwashe bakin kowane gwangwani don kada ya yanki hannu. Washegari na bar yara wurin maƙwabta na bi shi.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙananan tsuntsaye ne, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in sun taso sai ka ga gefen sama ya yi duhu. Muka kewaye gonar da igiya, shi a wannan kusurwa ni a waccan. Ya ja, gwangwanaye su yi kacau-kacau, su tashi fuu, su yi ɗan zagaye su sauka a wajena. In ja, su koma wajensa. Da farko suna tsoro. Kafin mako ya zagayo har a kan igiyar suke sauka su huta. Na yi ihu, na yi jifa da hoge, na cire mayafi ina kaɗawa kamar mahaukaciya, na zage su na zagi iyayensu. Ruwa kuma ba ya fasawa, yayyafi ne dai yau da gobe, rigar Baba ta manne masa a haƙarƙari. Muryarsa ta dushe, yana buɗe baki ba abin da ke fita, amma hannunsa bai saki igiyar ba.

Mai gona yakan zo ya tsaya tare da mu, ya yi jifa biyu uku. Bai taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba, Allah ya saka masa. Amma shi ma yana da doyarsa da ke jiransa.

Wata azahar ruwa ya tsuge da ƙarfi, muka fake a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Muna kallo tsuntsayen suka dawo da zarar ya tsagaita, zangarniya na lanƙwasa saboda nauyinsu. Baba ya matso kusa da kunnena don murya ta ƙi.

"Uwata, a littafin, me mutumin ya yi da tsuntsaye?"

Na ce, "Baba, babu tsuntsaye a littafin."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya koma kan igiyarsa. Na ji haushin marubucin nan kamar in shaƙe shi. Ya zauna a inuwa ya rubuta wuya mai daɗin karatu, wuyar da take jin magana, ka yi haƙuri ta kauce maka. Ya bar tsoho a cikin ruwa yana jan gwangwani. Na san ba laifinsa ba ne, bai rubuta don Maikunkele ba, bai san da Baba ba. Amma a ranar sai da na sami wanda zan ji haushi, don ba zan iya jin haushin sama ba.

Mai gona ya ba da shawarar a yanke abin da ya rage tun bai gama bushewa ba, a kai gida. Wannan karon Baba ya ji. Muka bi gonar muna zaɓen zangarniyar da ke da sauran ƙwaya, yawanci an tsotse su sun zama fayau. Abin da muka samu a napep ɗaya ya shige, har da mu a ciki.

Sai kuma shanya. Ina rana? Mu baza a tsakar gida, kafin ka juya hadari ya haɗo, mu kwashe da gudu. Muka shimfiɗa a zaure, muka shimfiɗa a ɗakin Inna. Ya fara fumfuna, ya yi baƙi, wani ma ya tsiro a jikin zangarniyar. Gidan duk ya ɗauki wari. Na hura gawayi a murhun da Baba ya ƙera, na ɗora faranti ina busarwa kaɗan-kaɗan, hayaƙi na cin idona. Tumun da aka yi wa yara alkawari ba wanda ya sake tayar da zancensa, su kansu sun gane. Da na sussuka na sheƙe, na tsince ruɓaɓɓen, abin da ya rage ko kwanon awo bai cika ba. Rumbu na tsaye a tsakar gida, ruwa na buga murfinsa.

Baba ya raba geron biyu. Rabi ya ce in dama kunu. Na wanke, na sake wankewa, na zuba tsamiya da sukari fiye da ƙima, amma ɗacin fumfuna ya ƙi ɓoyuwa. 'Yata ta kurɓa ta dube ni, na harare ta, ta haɗiye da ƙyar. Baba ya shanye kofinsa tas, ya miƙo a ƙara. Ya ce, "Alhamdulillahi." A daren zazzaɓi ya rufe shi, ko na kunun ne ko na ruwan da ya sha duka, oho.

Da ya ɗan farfaɗo ya zauna ya ƙera wani ƙaramin gwangwani mai murfi, ya goge shi yana ƙyalli, ya zuba ɗaya rabin. Na ce, Baba, don Allah bari in sayo gero mai kyau a kasuwa in haɗa, ko ya yi auki, ko ya yi fari.

"In kin haɗa, na kasuwa zai ci," ya ce. "Ba nawa ba."

Ƙarshen wata direba ya zo da buhun shinkafa. Karon farko Baba ya fita da kansa ya tarbe shi, ya miƙa masa gwangwanin da hannu biyu, ya ce a kai wa mutumin Abuja. Mota na tashi na shige ɗaki na kira Yaya. Na ce, ga saƙo nan daga gonar Baba, ka rufa mini asiri ka yi masa godiya sosai. Ya ce, "Haba, sai kin faɗa mini?"

Ya kuwa kira bayan kwana biyu, da hantsi. Kunnen Baba ya yi nauyi, don haka na buɗe muryar wayar na riƙe masa. Suka gaisa a taƙaice, yadda suka saba.

"Baba, saƙo ya iso, an gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma," in ji Yaya. "Gwangwanin nan ya yi kyau, yara har faɗa suke a kansa."

Baba ya yi murmushi, ya matso da kunne.

"Geron ne dai ruwa ya taɓa, an duba an ce ba zai ciwu ba. Amma bai tafi a banza ba, na watsa wa tantabaruna. Baba, ka ga yadda suka yi masa rubdugu kuwa!"

Ya yi dariya. Da zuciya ɗaya ya yi ta, na san yayana, so yake ya nuna an amfana. Na so in kashe wayar, amma na ci gaba da riƙe masa.

"Sun ci?" in ji Baba.

"Tas, Baba. Ko ƙwaya ba su bari ba."

"To, madalla."

Yaya ya ci gaba da cewa yanzu dai a huta, noma ya isa haka, in akwai abin da ake buƙata a faɗa. Baba ya ce babu. Da aka gama na zauna ina jiran ya yi magana, ko ya yi faɗa, ko ya ce wani abu in taya shi. Bayan la'asar na ɗauko littafin don sabo, ya dube shi a hannuna ya kau da kai, na mayar. Daga ranar bai sake nemansa ba.

Washegari da safe ina wanke-wanke na ji ana jan abu a ƙasa. Na leƙo, sai ga Baba ya kamo kunnen buhun shinkafar Yaya yana ja daga zaure, ya ja ya tsaya ya huta, ya sake ja. Na taso da sauri, ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallo har ya kai shi gindin rumbu. Ya cire murfin ya jingine. Ya sunkuya ya rungumi buhun zai ɗaga, ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Ya daɗe a sunkuye, hannunsa a kan buhun.

"Uwata," ya ce, bai ɗago ba. "Kama mini."

Na kama masa, muka juye. Shinkafar ta zuba tana ƙara a jikin kwanon, ko rabin rumbun ba ta kai ba. Ya leƙa ciki, ya share bakin da tafin hannu.

"Nan ɓera ba zai taɓa ta ba," ya ce, ya ɗauki murfin ya rufe.